Yadda ake saita taimin ɗin wuta a tsohuwar motar gudu

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar motar gudu, irin su MGB ko Triumph TR6 ko Jaguar E-Type, ya san wannan ranar: mota ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, amma da an zo hawan tudu an taka totur sai wata siririyar ƙara ta fito daga inji, ƙyal-ƙyal-ƙyal, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Wata rana kuma ba ƙara ko kaɗan, sai dai motar ta yi nauyi, ga shan mai, ga allurar zafi tana ta hawa. Mafi yawan mutane kafireta suke fara taɓawa. Sau da yawa kuwa ba ta da laifi, wuta ce ba ta zuwa a kan lokacinta.

Waɗannan motoci ba su da kwamfutar da za ta gyara musu lokacin wuta. Komai yana hannun distiributa, wato na'urar da ke raba wa fulogogi wuta, da kuma wanda ya ɗaure ta. Aikin bai fi ƙarfin mai mota ba, muddin ya bi shi daki-daki.

Me ya sa wuta ke yin sammako

Mai da iskar da ke cikin silinda ba fashewa suke yi nan take ba, ci suke yi, kuma cin yana ɗaukar lokaci. Ana so ƙarfin turin ya cika jim kaɗan bayan fistin ya kai ƙololuwa ya fara saukowa, wajen digiri 10 zuwa 20 bayan ƙololuwar. Don haka dole fulogi ya ba da wuta tun fistin bai ƙarasa sama ba. A littattafan gyara za ka ga haruffan TDC, ƙololuwar ke nan, BTDC kuma yana nufin kafin a kai gare ta.

Ga inda lissafin yake da daɗi. A juyi 600 cikin minti, karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, yana cin digiri 3.6 ne kawai a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A juyi 3,000 kuwa digiri 18 yake ci a daidai wannan ɗan lokacin. Tunda wutar ba ta ƙara sauri daidai da injin, sai an riƙa kunna ta da wuri gwargwadon yadda gudu ya ƙaru. Wannan aikin wasu ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin da ke cikin distiributa ne suke yinsa: inji na sauri, suna buɗewa, suna jawo wuta gaba. Akwai kuma ɗan gwangwanin bakyum a gefenta, wanda zuƙar iskar inji ke ja, yana ƙara sammako lokacin da ake tafiya a hankali ba a danne totur ba.

Ka riƙe abu biyu tun yanzu. Distiributa rabin gudun karanshaf take yi, saboda haka digiri ɗaya a jikinta digiri biyu ne a fulin da ke gaban karanshaf. Sannan idan ka juya jikin distiributa saɓanin inda rota (ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfinta) ke tafiya, ka ƙara taimin, wato wuta za ta ƙara sammako. Idan ka bi rota, ka rage. A MGB da TR6 rota tana juyawa saɓanin hannun agogo, ke nan ƙari yana ɓangaren hannun agogo. Kada ka dogara da hadda a motar da ba ka sani ba: buɗe murfi, juya inji kaɗan, idonka ya gani.

Kayan aiki

Littafin gyaran motar shi ne na farko, kuma ka nemo lambar da ke jikin injin da wadda aka buga a jikin distiributa. An ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, a tsawon shekarun nan an sauya distiributa da adadin taimin sau da dama, musamman a motocin da aka kai Amurka saboda dokokin hayaƙi. Balle motar da ta haura shekara 40 a duniya, ba mamaki injin da ke cikinta ba shi ne na asali ba. Bayan littafi kana buƙatar fila-geji (siraran ƙarafan auna tazara), kwan fitila mai volt 12 da aka haɗa wa wayoyi biyu masu maƙali, fitilar taimin mai walƙiya, mitar juyi idan ta cikin mota ba abin yarda ba ce, farin fenti ko alli, sukudireba, da sifanonin inci idan motar Ingila ce.

Kontak kafin taimin

Nan ne aka fi yin kitso da ƙwarƙwata. Kontak shi ne ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa. Tazarar bakinsa ita ce ke yanke lokacin da zai buɗe, buɗewar tasa kuma ita ce ke haifar da wuta. Ka faɗaɗa tazarar, wuta ta yi wuri. Ka matse ta, wuta ta makara. Wanda ya saita taimin sannan ya koma ya taɓa kontak ya yi tufka da warwara.

Cire murfin distiributa da rota. Dubi fuskokin kontak: idan ɗaya ta yi rami ɗaya ta yi tsiro, fila-geji ba zai faɗa maka gaskiya ba, sa sabo kawai. Juya inji har dugadugin kontak ya hau kan tsinin kam, wato tudun da ke jikin sandar distiributa, inda bakin ya fi buɗewa. A distiributar MGB, wadda kamfanin Lucas ya ƙera, tazarar inci 0.014 zuwa 0.016 ce, kusan milimita 0.38. Geji ya shiga da ɗan ja kaɗan, ba ya zurma ba, ba kuma ya tura bakin ba. Idan kana da duwel-mita, wadda ke auna digirin da kontak ke yi a rufe, ta fi geji daidai: distiributa samfurin 25D4 tana son kusan digiri 60, samfurin 45D4 da ya biyo baya kusan 51. Kowane digiri ɗaya da wannan awo ya kauce, taimin ma ya kauce da kusan digiri ɗaya.

Tun da murfi yana buɗe, kama sandar da rota ke zama a kai ka girgiza ta gefe da gefe. Idan tana lilo, bushin ya ci, kuma ba irin saitin da zai zauna. Mayar da rota ka murɗa ta zuwa inda take juyawa ka saki. Ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta, tsaf. Idan ta ƙi motsi, ƙarafan ciki sun yi tsatsa. Ɗiga baƙin mai ɗigo biyu ko uku a kan sukurun da ke ƙarƙashin rota, ka shafa giris ƙalilan a jikin kam. Wannan ɗigon man da ake mantawa da shi shekara da shekaru ya kashe ƙarfin motoci da yawa ba tare da masu su sun sani ba. Sannan ka cire tiyon bakyum daga kafireta ka zuƙa da baki: farantin da kontak ke kai ya motsa, kuma ya tsaya muddin ka toshe tiyon da harshe. Idan iska na wucewa salin-alin, robar cikin gwangwanin ta huje.

Fulogogi su zama masu tsabta da tazarar da littafi ya ce, inci 0.025 a MGB. Idan tafet na neman saiti, yi shi yanzu.

Kada ka yarda da alama sai ka gwada ta

A gaban inji akwai fulin karanshaf mai tsaga ɗaya, da wasu haƙoran ƙarfe a jikin murfin sarƙar taimin. A MGB na farko-farko haƙoran suna ƙasan fuli, sai ka kwanta kafin ka gan su: dogon shi ne ƙololuwa, sauran biyun digiri 5 da 10 kafin ta.  Wanke wurin da fetur, ka ɗiga farin fenti a tsagar da kan haƙorin da kake so.

Ka tabbatar kuma wace ce silinda ta ɗaya. A MGB da TR6 ita ce ta gaba, kusa da lagireto. A injin XK na Jaguar kuwa ta ɗaya tana can baya, jikin bangon da ya raba inji da direba, ta gaban ita ce ta shida. Jerin wutar MGB 1-3-4-2 ne, na TR6 da Jaguar 1-5-3-6-2-4. Bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, daga murfi, ta hanyar da rota ke juyawa.

Yanzu abin da ya fi damuna a wannan aiki. Fulin yawancin motocin nan ƙarfe biyu ne, na ciki da na waje, roba ce ta haɗa su don ta shanye girgiza. Idan robar ta tsufa, zoben waje yana zamewa, kuma tsagar a jikinsa take. Na taɓa shafe yini biyu a kan wata mota da na saita daidai da littafi, fitila tana nuna alama a mazauninta, amma motar ba ta da rai, bakin salansa a jikin inji yana zafi kamar maƙera. Sai da na gwada ƙololuwa da kaina na ga zoben ya zame da kusan digiri 8. Tun daga ranar ba na fara aiki a motar da ban sani ba sai na yi wannan gwajin.

Ga yadda ake yi. Cire kan batir, don kada wani ya murɗa makulli. Cire fulogogi duka, inji zai yi sauƙin juyawa. Ana sayar da wani ƙarfe mai zaren fulogi da ake ɗaurawa a ramin silinda ta ɗaya don ya tare fistin kafin ya kai sama. Wasu suna yin nasu da tsohon fulogin da aka fasa farin cikinsa aka sa dogon bol. Ɗaura shi lokacin da fistin ke ƙasa. Juya inji da sifana a hankali, da hannu kawai, har ka ji fistin ya dafa ƙarfen. Yi alama a fuli daidai da dogon haƙori. Juya baya har ya sake dafawa ta ɗaya ɓangaren, ka sake yin alama. Tsakiyar alamomin nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. Idan ta faɗa kan tsagar kamfani, madalla. Idan ba ta faɗa ba, fulin na buƙatar canji, domin wanda ya zame sau ɗaya zai ƙara. Kada ka manta da cire ƙarfen.

Tun da kana wurin, ƙara wa kanka alamar da za ta yi amfani nan gaba. Auna kewayen fuli da tef ka raba gida 360. Fuli mai faɗin santimita 15 kewayensa kusan santimita 47 ne, ke nan digiri ɗaya milimita 1.3, digiri 30 kuma kusan milimita 39. Auna daga tsagar zuwa ɓangaren da fuli ke juyawa, ka ɗiga fenti a nan, daidai inda ka auna digiri 30.

Saitin farko, inji a kashe

Ja hambirki, sa giya a firi. Toshe ramin fulogi na ɗaya da babban yatsa, wani ya juya maka inji yadda yake juyawa idan yana aiki, wato bin hannun agogo idan kana kallonsa daga gaba. Da ka ji iska na tura yatsanka, fistin na hawa a zagayen matsi ke nan. Dalilin wannan shi ne tsagar tana wuce haƙora sau biyu kafin silinda ta samu wuta sau ɗaya. Ci gaba a hankali har tsagar ta zo daidai adadin da littafi ya bayar. A MGB na farko mai matsi mai yawa digiri 10 ne kafin ƙololuwa. Idan ka zarce, kada ka ɗan dawo kawai. Koma baya sosai, kamar rubu'in zagaye, ka sake tahowa gaba, domin sarƙa da giyoyi suna da sako-sako kuma sai an ɗaure shi ta ɓangaren da inji ke ja. Rota yanzu ya kamata ta fuskanci wayar fulogi na ɗaya.

Mayar da kan batir. Maƙala waya ɗaya ta kwan fitilarka a ƙafar koyil da ke zuwa distiributa. A tsofaffin koyil an rubuta CB a wurin, kuma a tsarin wayoyin Lucas fara ce mai baƙin layi. Ɗaya wayar a jikin inji. Sassauta notin maƙalin da ya riƙe distiributa, daidai yadda za ta juyu da ɗan ƙarfi, ba ta yi lakaf ba. Buɗe makulli, kada ka yi kik.

Juya jikin distiributa zuwa inda rota ke tafiya har kwan ya mutu. Kontak ya rufe ke nan. Da yatsa ɗaya ka ɗan danne rota baya, sannan ka dawo da jikin distiributar sannu-sannu, kamar mai neman tasha a rediyo. Daidai lokacin da kwan ya kama, tsaya cak. Wannan ne lokacin da kontak ya buɗe, lokacin da fulogi zai yi wuta. Ɗaure notin, amma da sauƙi, domin jikin distiributa alminiyam ne kuma maƙalin yana iya fasa shi. Juya inji zagaye biyu cikakku ka duba: kwan ya kama daidai lokacin da tsagar ta iso haƙorin. Rufe makulli da zarar ka gama, koyil yana zafi idan an bar shi da wuta kontak a rufe.

Idan an riga an cire kontak an sa na'urar lantarki a madadinsa, wannan hanya ba ta aiki a kan wasunsu, kuma barin makulli a buɗe inji a kashe yana iya ƙona su. Sai ka bi takardar da ta zo da na'urar, ka wuce kai tsaye zuwa fitila.

Saiti na biyu, inji na aiki

Mayar da fulogogi da rota da murfi, ka tayar da mota ta yi zafinta na aiki, cok a rufe. Maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na ɗaya. Kafin ka ba ta wuta duba yadda batir yake: MGB kafin ƙarshen 1967, da motocin Ingila da yawa na lokacin, fositif ne ke haɗe da bodi, kuma juya wayoyi na iya lalata fitilar. Batirin MGB yana bayan kujeru, saboda haka ya fi sauƙi ka ajiye wani batir a gefe don fitilar kaɗai.

Cire tiyon bakyum ka toshe ɓangaren kafireta, sai dai idan littafi ya ce a bar shi. Wasu TR6 na Amurka suna da gwangwanin da ke jinkirta wuta a silo maimakon ya gaggauta ta, kuma adadinsu da tiyo a haɗe ake karanta shi. Sauko da silo zuwa juyin da aka rubuta, domin idan ya yi sama ƙarafan ciki sun riga sun fara buɗewa kuma za ka karanta abin da ba shi ba. Ga MGB ɗin da muka ɗauka misali, digiri 14 ne a juyi 600.

Haska fuli. Walƙiyar za ta sa ka ga tsagar a tsaye. Za ta sa ka ga fanka da fambel ma kamar a tsaye suke, alhali suna gudu. Naɗe hannun riga, kawar da wayoyi, kada hannu ya matsa kusa da wurin ko da wasa. Riƙe distiributa ta ƙasa, nesa da wayoyin fulogi, ka juya ta kaɗan-kaɗan har alama ta zauna. Samfurin 25D yana da wani ɗan noti mai ƙaiƙayi a bayan gwangwanin bakyum, da haruffan A da R, ƙari da ragi. Kusan ƙas 11 ne digiri ɗaya, kuma da shi ake ƙaramin gyara ba sai an kwance maƙali ba. Ɗaure, ka sake haskawa, don ɗaurewa kan ɗan ja ta.

Idan alamar tana tsalle gaba da baya fiye da digiri biyu ko uku, ba hannunka ba ne. Ko bushin distiributa, ko sifirin da ya saki, ko sarƙar taimin da ta miƙe.

Awon silo shi ne wanda kowa ke yi, amma ba a silo ake tuƙa motar gudu ba. Tiyo yana cire har yanzu, sa wani ya ɗaga totur a hankali kana kallo. Alama ta riƙa tafiya sumul, ba tsayawa ba zabura, har ta kai inda za ta tsaya duk yadda aka ƙara gudu. Wannan ne cikakken taimin, kuma shi ne ke kare fistin ko ya huda shi. A ƙarƙashin farantin kontak na Lucas akwai lamba da aka buga, misali 10°. Digirin distiributa ne, wato 20 a fuli. Haɗa da 10 na saitin farko ka samu 30, daidai ɗigon fentin da ka yi ɗazu. Injin MGB yana jin daɗi a wajen digiri 30 zuwa 32. Idan ya zama dole in zaɓa tsakanin silo mai kyau da cikakken taimin mai kyau, na biyun nake zaɓa. Daga nan mayar da tiyo ka ɗan ɗaga totur: alama ta ƙara gaba, shaidar bakyum na aiki. Gyara silo a kafireta.

Hanya ce ke yanke hukunci

An rubuta adadin littafi ne don fetur mai dalma na zamanin da aka ƙera motar. Wannan man ya bar gidajen mai a Birtaniya a 2000, kuma Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe da ke sayar da shi don motoci, ta daina a 2021. Ga shi kuma an sha yi wa injin aiki, wataƙila an kankare kan silinda matsi ya ƙaru. Don haka adadin littafi mafari ne.

Nemi miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, mai ɗan hawa idan da hali, inji da zafinsa, da irin man da za ka riƙa sha kullum. Sa giya ta huɗu a wajen kilomita 50 cikin awa, ka danne totur har ƙasa zuwa 80, kunne a inji. Idan ka ji ƙyal-ƙyal ɗin nan, ɗaga ƙafa nan take. Man ne ke fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi, yana dukan kan fistin kamar guduma. Tsaya, rage digiri 2, sake gwadawa, har ƙarar ta ɗauke, sannan ka ƙara rage ɗaya saboda ranar zafi da ranar da man bai kai na yau kyau ba. Kada ka bi ta da ƙari don kawai ba ka ji ƙara ba. A babban gudu ƙarar salansa da iska suna rufe ta, shi ya sa iyakar da ka gani da fitila ba a ƙetare ta.

Kik ma yana ba da labari. Idan inji da zafi ya riƙa yin "gur, gur" da ƙyar kamar batir ya mutu, alhali da sanyi yana juyawa lafiya, wuta ta yi sammako da yawa, tana tura fistin baya. Idan kuwa mota ta yi kasala, tana tari ta salansa, zafi na hawa a cunkoso, ta makara.

Da ka samu inda motar ta yarda, sake haska fitila ka rubuta adadi biyu a cikin littafin: na silo tare da juyinsa, da cikakken taimin. Ja ɗan layi da tsinin sukudireba daga jikin distiributa zuwa maƙalinta, don ko an cire ta a san mazauninta. Idan sabon kontak ka sa, dugaduginsa zai ɗan ci a farkon aiki, tazara ta matse, wuta ta makara. Bayan kamar kilomita 800 buɗe murfi ka mayar da tazarar inda take, sannan ka haska fuli ka gani ko alama ta dawo kan adadin da ka rubuta.